Darasi na Tara: Yadda Za Ka Bi Sawun Kakanka

Yawancin Hausawan Garwa, Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, jikokin matafiya ne. Wani fatauci ya kawo shi, wani neman ilimi, wani kuma hanyar Makka ya kama, guzuri ya ƙare, ya yi aure ya zauna. A wannan darasi za ka rubuta labarin mutum ɗaya daga cikin kakanninka: inda ya taso, inda ya yada zango, da inda rai ya yi halinsa.

Fara da tsofaffin gida, musamman mata. Goggo da Iya sun fi maza riƙe lissafin aure da haihuwa. Ka je da goronka, ka gaishe su, ka zauna ba gaggawa. Amma ka kula: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, saboda kunya. Za ta ce Malam, ko Mai Goro. Rubuta laƙabin, sunan yanka kuma ka nema a bakin wani.

Kada ka ce, "Iya, a wace shekara ya zo?" Ba da lamba take lissafi ba. Ka ce, "Iya, da ya zo, wa ke mulki? Me ya faru?" Daga nan sai ka ɗaura amsarta a kan shekarun da aka sani. An kashe Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, a Kuseri a 1900. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Marwa kuma a 1902. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas. Mulkin Jamus ya ƙare a 1916, Kamaru ta sami 'yanci a 1960. In aka ce kakanka ya iso da gemunsa zamanin Jamus, ka san tsakanin 1901 da 1916 ne, kuma wannan ya ishe ka.

Sai takardu. Duba bangon Alƙur'ani da tsofaffin littattafan gida, domin malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a nan da ajami, da shekarar Hijira. Ga yadda ake juya ta zuwa shekarar Miladiyya: cire 3 daga kowace ɗari, ka ƙara 622. Misali 1350: cire 40, saura 1310, ƙara 622, ya zama 1932. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya.

Takardun gwamnati kuwa a yi hattara da su. Magatakardan zamanin Faransa da kintace suke sa shekarar haihuwa, suna kuma rubuta Usman Ousmanou, Hauwa Haoua. Kada ka ɗauka mutum biyu ne.

Rasuwa ta fi wuyar bi, tunda kaburburanmu ba a sa musu suna. Nemi takardar rabon gado, ko ka tambayi limamin unguwa da gidan Sarkin Hausawa. Wanda ya tafi aikin hajji a ƙasa bai dawo ba, a tambayi dangi na Njamena da Sudan.

Aikin gida: rubuta layi biyar a kan kakanka. A gaban kowane layi ka sa wanda ya faɗa maka. In baki biyu suka saɓa, rubuta duka biyun, ka kawo aji mu duba tare.