Dandamalin roba a tsakar gida: kurakuran da ake yi a Damagaram wajen zaɓen kwamfozit ko PVC

Masu sabon gini a Damagaram sun fara sha'awar shimfiɗa dandamali a tsakar gida ko bayan ɗaki da allunan nan masu kama da katako, waɗanda ba katako ba ne. Iri biyu ne. Kwamfozit garin itace ne da aka cuɗa da roba aka matse, kamar na kamfanin Trex na Amurka. PVC kuwa roba ce zalla, ba ko ƙwayar itace a cikinta. Tun daga nan ake fara kuskure, domin mai shago zai ce maka "duk roba ce, Alhaji", ka biya kuɗin wannan a ba ka wancan. Ka sa a yanko maka guntu ka duba bakin yankan: na kwamfozit za ka ga ɗigo-ɗigon garin itace, kuma ya fi nauyi a hannu, na PVC cikinsa sumul ne, ba nauyi.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni. Wasu na ɗaukar PVC ɗin silin, wancan siriri mai rami a ciki da ake rufe saman ɗaki da shi, a matsayin abin takawa. Ba a yi shi don ƙafa ba. Allon dandamali kaurinsa ya kai wajen santimita 2 da rabi.

Babban kuskuren dai shi ne saye da hujjar mutanen wata ƙasa. Tallan waɗannan alluna ya fi ƙarfi a kan ruwa: ba sa ruɓewa, ba sa kumbura. Gaskiya ne, musamman PVC, amma wannan damuwar masu dogon damina ce. Mu ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran shekara rana ce da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, to ina ga allon roba mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu da ya wuni a rana? Yaro ba zai iya taka shi ba takalmi da azahar. Duka biyun suna ɗaukar zafi, kuma launi ya fi iri tasiri. Ka karɓi guntaye biyu ko uku, ka ajiye su a daidai wurin da za a yi aikin, ƙarfe 2 na rana ka ɗora tafin hannunka. Wanda ka kasa jurewa, mayar wa mai shi. Ka ɗauki launi mai haske, kuma ka sa kuɗin rumfa cikin lissafi tun farko. In akwai bedi a gidan, ƙarƙashinta ya fi ko'ina.

Zafin nan kuma yana sa allo miƙewa, sanyi ya sa shi tsukewa, PVC ya fi kwamfozit wannan hali. Kafintan da ya saba da katako zai haɗa baki da baki ƙam, ya buga ƙusa. Idan a sanyin Janairu ya yi aikin, bazara na zuwa allunan su tokari juna su gantsare. Idan da tsakar rana a bazara ya yanka, hunturu na shigowa ka ga gibi. A bar tazara wajen milimita 5 tsakanin allo da allo, a bar tazara kuma tsakaninsu da jikin bango, a bi takardar kamfanin, a yi amfani da sukurori da maƙalan da aka yi domin su. Kafin aiki a kwantar da allunan a inuwa a kan shimfiɗaɗɗen wuri, kada a jingine su da garu.

Sai abin da ke ƙasa. Mutum ya sayi allon da gara ba ta ci, sai ya ɗora shi a kan farin katako mai araha. Gara ta cinye ƙasan, saman na nan fes har ranar da ƙafar kujera za ta burma. A kira mai walda ya yi firam da ƙarfe, a shafe shi da fentin hana tsatsa, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 40, domin allunan nan sun fi katako lanƙwasa. A ɗaga shi daga ƙasa yadda iska da ruwa za su wuce.

Sai kuma batun wutar dafa shayi. Garwashi ɗaya ya faɗo daga mangal, ya bar tabon da ba ya gogewa, a kwamfozit ko a PVC. In gidan na masu zaman fada ne, a ware kusurwa a zuba mata siminti ko tayil don wuta. Haka turmi: kada a yi daka a kai.

Ni a ganina, kusa da famfo ko inda ake alwala da wanke-wanke PVC ya fi, tunda ba ya shan ruwa. Wurin zama a ƙarƙashin rumfa kuwa kwamfozit mai rufin roba a jikinsa ya wadatar, kuma galibi ya fi sauƙin kuɗi. Ka guji mai zurfin zane, don ƙurar hunturu na cika shi, ga ruwan wanki ba arha ba ne a garin nan. Idan daga Kano za a kawo maka, ka ƙara alluna kaɗan a kan lissafi, domin samun launi iri ɗaya daga baya yana da wuya.