Babi na Huɗu: Kalmomin Banki da Ƙirgen Sifili

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Abin da idona ya gani a layin banki a nan Gadarif, a ƙasar Sudan, shi ya sa na rubuta wannan babi. Tun watan Disamba na 2024 da aka fara canjin takardun jine (kuɗin Sudan) na ɗari biyar da na dubu, aka ce tsohon kuɗi sai ta asusun banki za a karɓe shi, mutanen da suka shekara arba'in suna ajiya a ƙarƙashin tabarma ko a hannun amintaccen ɗan kasuwa suka wayi gari a gaban ma'aikacin banki. Larabcin kasuwa duk muna ji, amma na banki daban yake. Za mu bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, don shi aka buɗe ajin.

Darasi na 1: Hisab da rasid

Hisab shi ne asusu. Ku ɗauke shi kamar rumbunka ne da aka gina a cikin banki, aka rubuta sunanka a jiki. Kowane rumbu yana da lambarsa, ita ce raƙamul hisab. In za a buɗe maka, za a nemi raƙam watani, wato lambarka ta ɗan ƙasa. Da an ba ka lambar asusu, ka rubuta ta da hannunka a kan kwali mai ƙarfi, ka sa a aljihu. Wannan lambar ba sirri ba ce, ita za ka ba duk mai son turo maka kuɗi.

Rasid kuwa kun riga kun san shi daga waya. Abin da ya rage ke nan. Rasid ɗin banki shi ne kuɗin da ke cikin rumbun a wannan lokacin. In ka zuba kuɗi, ka yi ida'i, rasid ya ƙaru. In ka cire, ka yi sahab, rasid ya ragu. 'Yan kuɗin da banki ke yanka a matsayin ladan aikinsa su ne amula. Takardar da ke nuna duk shiga da fita, ranar kaza an zuba kaza, ranar kaza an cire kaza, sunanta kashful hisab, kuma haƙƙinka ne ka nema.

Sai raƙam sirri, lambar da kake buɗe asusunka da ita a waya ko a injin cire kuɗi. Ita ce makullin rumbun. Kada ka rubuta ta a kan kwalin nan da muka ambata. Kada ka faɗa wa wanda ya kira ka a waya, ko da ya ce daga banki yake.

Gwaji: rasid ɗinka jine 40,000. Ka yi ida'in 15,000, washegari ka yi sahab ɗin 20,000. Nawa ya rage? Wanda ya samu 35,000 ya yi daidai. Wanda bai samu ba ya sake, ba gaggawa.

Darasi na 2: Sifili

A nan ne mafi yawanku ke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Dattawa sun tuna. A 1992 aka kawo dinari, jine goma ya zama dinari ɗaya. A 2007 aka dawo da jine sabo, dinari ɗari ya zama jine ɗaya. Ke nan jine dubu na da shi ne jine ɗaya na yanzu. Takardar kuɗi ta canza, baki bai canza ba. Har gobe a kasuwa akwai mai cewa "miliyan" yana nufin jine dubu, yana cewa "milyar" yana nufin jine miliyan. Wani kuma ya ce "alf", dubun nan ta gaske yake nufi. Waya ba ta san wannan tarihin ba. Abin da yatsanka ya danna shi take aikawa.

Ku kwafe waɗannan a littafinku, da manyan baƙi:

1,000 sifili uku ne. Jine dubu. Shi ne "miliyan" na bakin kasuwa.
10,000 sifili huɗu ne. Jine dubu goma.
100,000 sifili biyar ne. Jine dubu ɗari.
1,000,000 sifili shida ne. Jine miliyan. Shi ne "milyar" na bakin kasuwa.

Abu na farko, in an faɗa maka kuɗi da baki, ka tambaya: bil gadim walla bil jadid? Na da ko na yanzu? Tambaya ba ta rage wa mutum girma.

Abu na biyu, ga yadda ake ƙirga. Bayan ka rubuta kuɗin, ka ɗora yatsa a kan lamba ta ƙarshe, ta hannun dama. Ka matso hagu kana ƙirgawa da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku. Ka tsaya. Waɗannan ukun su ne dubu. Abin da ya rage a hagu shi ne yawan dubban. In 30 ya rage, dubu talatin ne. In 300 ya rage, dubu ɗari uku ne. Daga dama ake farawa. Ba daga hagu ba. Daga dama, uku, a tsaya, a karanta saura.

Wani Baba a ajinmu na bara, mai sayar da agashe, mahaucinsa ya ce masa kuɗin nama miliyan hamsin. Baba ya rubuta 50, ya bi shi da sifili shida kamar yadda kunnensa ya ji. Waya ta ce rasid bai isa ba. Ya zo mini jikinsa na rawa, hula a hannu, wai an kwashe masa kuɗi. Na ce, "Baba, zauna, kuɗinka na nan." Muka ɗora yatsa tare. Jine 50,000 ake binsa, shi kuma ya rubuta 50,000,000. Ƙarancin abin da ke asusunsa ne ya cece shi.

Wani manomin bai samu wannan sa'ar ba, domin ya sayar da riɗinsa ke nan, asusu a cike. Zai biya mai mota 30,000, yatsa ya ƙara sifili ɗaya, 300,000 suka tafi. Kwana tara yana bin sawun mai motar, sai da aka sa manya a tsakani kafin kuɗin su dawo. Sifili ɗaya tak.

To, mu sake. Ka rubuta 25000. Yatsa a dama. Ɗaya, biyu, uku. Tsaya. Me ya rage? 25. Dubu ashirin da biyar. Yanzu 250000. Yatsa a dama. Ɗaya, biyu, uku. Tsaya. Saura 250. Dubu ɗari biyu da hamsin. Inna, na san idonki ba ya gani sosai da yamma. Ki matsa kusa da fitila, ki yi a hankali, ba wanda ke jiran ki.

Akwai kuma wani tarko. A lambobin Larabci, sifili ɗigo ne (٠), biyar kuma zagayayye ne (٥), ya yi kama da sifilin boko (0). Wanda ya saba da ɗaya, in ya ga ɗayan sai ya rikice, ya karanta biyar a matsayin sifili. Kafin ka fara ƙirga, ka duba da wane rubutu aka rubuta lambar. In ka ga ɗigogi a jere, su ne sifilan, kuma su ma daga dama ake ƙirga su, uku, a tsaya.

Darasi na 3: Tahawil da ish'ar

Tahawil shi ne tura kuɗi daga asusunka zuwa na wani. Yawancinku da Bankak kuke yi, manhajar Bankin Khartum, wadda tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 da kuɗin hannu ya yi wuya ta zama ita ce aljihun mutane da yawa. Wasu bankunan ma suna da tasu, aikin kusan iri ɗaya ne.

Ka sa lambar asusun wanda za ka tura wa. Ka sa mablag, wato yawan kuɗin. Yatsa a dama, ɗaya, biyu, uku, tsaya, karanta saura. Sunan mai asusun zai fito. Ka karanta shi duka, da na ubansa da na kakansa, domin masu suna Muhammad Adam a garin nan ba su ƙirguwa. Sannan ka koma kan kuɗin ka sake ƙirga sifili. Sai ka danna ta'akid, wato tabbatarwa. Bayan ta'akid babu "dakata".

Na faɗi wannan a aji ya fi a ƙirga, amma makon jiya na ga mutum uku sun danna ta'akid ba su ko kalli allon ba, suna hira. Haba jama'a. In kuɗin a hannu ne, wa zai miƙa wa mai shago damin takardu bai ƙirga ba? Ku da kuke ƙirga canji sau biyu a kasuwar hatsi, me ya sa waya ta zama wurin sakaci? Gumin damina guda ne a ciki.

Ish'ar shi ne sanarwar da ke fitowa bayan an tura, mai ɗauke da lambar aikin, da kwanan wata, da suna, da kuɗin. Masu saye da sayarwa ku saurara. Hoton ish'ar da wani ya nuna maka a wayarsa ba kuɗi ba ne. Macuta suna ƙirƙirar na jabu, wasu kuma su nuna tsohon na jiya. Ka buɗe asusunka da kanka, ka ga rasid ya ƙaru, ka ƙirga sifilin abin da ya shigo daga dama, sannan ka saki kaya. Wanda ya ce yana sauri ya jira.

Darasi na 4: Bashi da sunayensa

Bankunan Sudan ba sa aiki da kuɗin ruwa, da tsarin Musulunci suke aiki, kuma Bankin Faisal da aka kafa a 1977 yana cikin na farko a wannan hanya. Shi ya sa in ka je neman tamwil, wato jarin da banki ke bayarwa, za ka ji waɗannan sunaye.

Shail kun san shi tun kakanni: ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi ko tsaba da damina, da kaka ya kwashi buhuna a farashin da ya ga dama. Salam ya yi kama da shi a fuska, amma a rubuce yake. Banki ya sayi dawarka ko riɗinka tun ba ka girbe ba, ya biya ka yanzu, kai kuma ka kawo amfanin da kaka. Yawan buhu ko ardab (ma'aunin hatsi), da farashi, da ranar kawowa, duk sai an rubuta. Kada ka sa hannu sai an karanta maka ukun nan, kuma farashin ka ƙirga sifilinsa da yatsanka.

Murabaha ita ce banki ya sayi abin da kake buƙata, injin ban ruwa ko raksha (babur mai ƙafa uku), ya sayar maka da ƙarin riba sananniya, ka riƙa biya kaɗan kaɗan. Kowane biya sunansa ƙist. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, kada ka tsaya a kan ƙist ɗin wata ɗaya.

Damin shi ne mai tsaya wa wani. In wanda ka tsaya wa ya kasa, kai za a kama. Shek kuma takarda ce da kake umartar banki ya biya wani daga asusunka. Shek ɗin da aka kai banki aka tarar babu rasid laifi ne a sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, kuma duk kun ji kalmar nan "yabƙa lihinis sadad", a tsare mutum har sai ya biya. Duk da haka wasunku suna sa hannu a shek ba a rubuta kuɗi a ciki ba, don kunyar suruki ko aboki. Ku daina. Na gaji da zuwa gaishe da iyalan da maigidansu ke tsare a kan bashin da bai ci ko ƙwandala a ciki ba.

Darasi na 5: Zuba jari

Istismar shi ne zuba jari. Ra'asul mal shi ne uwar kuɗi.

Mudaraba: ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya. In an yi asara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Musharaka: kowa ya kawo kuɗi, asara gwargwadon abin da kowa ya zuba. Saham shi ne hannun jari a kamfani. Shahama takardun musharaka ne na gwamnati. Wanda ya ce ka kawo kuɗi zai ninka maka a wata ɗaya babu asara, ka riƙe abinka.

Darasi na 6: Tadakkum da si'irus sarf

Tadakkum shi ne hauhawar farashi, kuɗi na nan amma abin da suke saye ya ragu. Si'irus sarf shi ne farashin canji, jine nawa ke sayen riyal ko dala ɗaya. Masu 'ya'ya a Saudiyya su tambayi farashin ranar kafin su karɓi saƙo.

Aikin gida: kowa ya rubuta 7000 da 70000 da 700000 da ٥٠٠٠٠ a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin lambobi uku na dama, ya rubuta sunan kuɗin da Hausa a gefe. Ranar Asabar bayan la'asar ku zo da littafin da wayoyinku, a cike da caji. Waɗanda ba su zo makon jiya ba, maƙwabtansu su sanar da su.