Darasi na Tara: Nisan Tafiya Daga Kano Zuwa Legas

In ka tambayi yaron mota a tasha, "Legas da nisa?" zai ce maka, "Shigo kawai, Alhaji, gobe war haka kana can." Shi fasinja yake nema. Kai kuwa da za ka bar iyali da kasuwa, ya kamata ka iya yin lissafin da kanka.

Da kilomita ake auna nisa. Kilomita 1 mita 1,000 ce. Mai lafiya yana cin kimanin kilomita 5 a awa ɗaya da ƙafa. A allon bakin titi za ka ga sunan gari, da lamba, da haruffa biyu: km. Lambar ita ce nisan da ya rage maka.

Tsakanin Kano da Legas akwai nisa iri biyu. Ta sama kimanin kilomita 830 ne, domin jirgi miƙewa yake yi, ba ruwansa da kwana ko gada. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja, wajen awa ɗaya da rabi ne.

Ta mota kuwa kimanin kilomita 1,000 ne. Titi yana bin garuruwa: Zariya, Kaduna, Mokwa, sannan a haye kogin Kwara a gadar Jebba, a wuce Ilori da Ibadan. Wasu direbobin ta Abuja da Lakwaja suke zagayawa, hanyar ta ƙara tsawo.

Ga yadda ake fitar da awoyi. Raba nisa da gudun mota. Tirelar da ta ɗauko albasa tana cin kilomita 50 a awa, to 1,000 a raba da 50, an sami awa 20. Ƙaramar mota mai cin 80 a awa za ta yi awa 12 da rabi. Amma wannan lissafin takarda ne. Takarda ba ta san ramuka ba, ba ta san shingen jami'an tsaro ba, balle cunkoson shiga Legas. Ƙara tsayuwar salla, da cin abinci, da shan mai. Shi ya sa mai dabara ba ya yi wa kowa alkawarin haɗuwa a ranar da ya taso. Direban da ya ce zai kai ka cikin awa 10 kuwa, ka nemi wata motar, rai ba shi da na canji.

Jirgi ma akwai abin lura. Awa ɗaya da rabin nan ta cikin sama ce kaɗai. Sai ka isa filin tun da sauran awa biyu, da tikiti da katin shaida a hannu. Duba lokacin da kyau: 07:00 bakwai na safe ne, 19:00 kuwa bakwai na dare. In lambar ta wuce 12, cire 12 daga ciki. Lokacin hunturu kuma hazo kan hana jirgi tashi daga Kano, don haka ka kira ka tabbatar kafin ka bar gida.

Gwada waɗannan a littafinka:

1. Kilomita nawa hanyar mota ta fi ta jirgi?
2. Mota tana shan lita 1 a kowane kilomita 10. Lita nawa za ta kai ta Legas?
3. Tikitin Malama Hauwa ya ce 15:30. Ƙarfe nawa ke nan, kuma yaushe ya kamata ta isa filin jirgi?