Yadda ake sa polifeftayid ya dunƙule da kansa a ruwa ta hanyar sauya pH

Idan aka miƙa maka farin garin PEG-b-PGA aka ce ka haɗa maisel da shi, wato 'yan mitsi-mitsin dunƙule da sarƙoƙin garin ke yi da kansu a ruwa, kada hannunka ya fara zuwa kan kwalbar asid. Fara da sanin abin da ka riƙe. Sarƙa ce mai ɓangare biyu. Ɗaya PEG ne (polietilin gilaikol), wanda ba ya faɗa da ruwa. Ɗayan, PGA, polifeftayid ne, wato jerin amino asid, a nan glutamik asid, shi kuwa halinsa yana hannun pH. A pH 7 ko 8 kowane glutamik na ɗauke da cajin negatif, suna ture juna, sarƙar ta warware ta narke. Da pH ya gangaro ƙasa da 5 sai cajin ya gushe, ɓangaren ya murɗe ya zama alfa-heliks, siffa mai kama da sifirin, ya soma gudun ruwa. Murɗaɗɗun su taru a tsakiya, PEG ya lulluɓe su ta waje. Haka nono ke kamewa idan ya yi tsami, domin furotin ɗinsa na rasa caji wajen pH 4.6. Sai dai a nan PEG ke hana dunƙulen girma ya wuce 'yan gomman nanomita.

Narkar da miligiram 1 a kowace mililita ta tataccen ruwa. In garin ya ƙi narkewa, ɗiga masa NaOH, sinadarin da ke ɗaga pH, kaɗan har pH ya kai wajen 8, ka bar shi yana juyawa ya kwana. Washegari ka tace da matacin maikromita 0.22. Yanzu ake tacewa, ba bayan an haɗa ba. Wanda ya tace daga baya ya kwashe manyan gudaji ne kawai, ya samu sakamako mai kyan gani da ba gaskiya ba. Kuma ka rufe kwalba, balle da hunturu. Ƙura ɗaya tak na iya danne siginar dubban maisel a na'urar DLS, mai auna girman ƙwayoyi ta hasken da suke watsawa, saboda hasken da ƙwaya ke watsawa yana ƙaruwa da faɗinta fiye da kima: mai faɗi sau goma, haske sau miliyan.

Wurin da aiki ke lalacewa shi ne zuba asid. Ɗauki HCl mai ƙarfin 0.1 M, ka riƙa sa 'yan maikrolita ruwan na juyawa, ka jira mitar pH ta tsaya cak kafin ɗigo na gaba. Tsakanin 5.5 da 4 za ka ga kamar mitar ta yi taurin kai, kana zubawa ba ta motsi. Polimar, wato sarƙar, ce ke shanye asid ɗin, kuma a daidai nan ake gina maisel. Mai gaggawa yakan ƙara hannu a wannan gaɓa. Inda babban ɗigo ya faɗa pH na faɗuwa warwas kafin ya gauraya, sarƙoƙi su cukurkuɗe su zama gudajin da ba sa warwarewa da kansu. Ni dai in lokaci ya ba ni dama na fi son dayalisis: a zuba ruwan a jaka mai ƙananan ramuka da ke tare duk ƙwayar da nauyinta ya wuce 3.5 kDa, a tsoma cikin bafar asitet, ruwan da ke riƙe pH wuri ɗaya, mai pH ɗin da ake so, asid ya shiga a hankali.

Kafin ka je layin na'ura, haska ƙaramar leza ta gefen kwalbar. In layin haske ya fito sarai cikin ruwa mai ɗan shuɗi-shuɗi, akwai abin aunawa. In ya yi fari kamar an zuba alli, sake sabo. DLS za ta ba ka girma, kuma PDI, ma'aunin bambancin girman ƙwayoyin, ƙasa da 0.2 abin so ne, amma ba za ta gaya maka sarƙar ta murɗe ba. Wannan aikin CD ne, awon da ke gano murɗewar sarƙa da haske: heliks na nuna kwari biyu, a nanomita 208 da 222. Siffa kuwa sai TEM, madubin ƙara girma mai aiki da elektron.

Sannan ka mayar da pH zuwa 8. In da gaske pH ke juya abin, watsin hasken zai faɗi. Amma ka tuna kowane zuwa da dawowa yana barin gishirin NaCl a kwalbar, gishiri kuma yana dusashe cajin, don haka zagaye na uku ba lallai ya sauya a inda na farko ya sauya ba.

In sarƙarka glutamik da laisin ce (laisin amino asid ne mai cajin fozitif), babu PEG, kada ka fara daga pH 7. A 2005 Rodríguez-Hernández da Lecommandoux, a Bordeaux ta Faransa, sun nuna cewa mai glutamik 15 da laisin 15 na yin 'yan jakunkuna masu rami ƙasa da pH 4, ya kuma juya ciki ya koma waje sama da pH 10. A tsakani caji biyun na kama juna, polimar ta kwanta a gindin kwalba. Narkar da ita kai tsaye a ruwa mai asid ko mai NaOH.