Ruwan bishiyar birch: yadda ake tatsarsa da adadin da ya kamata a sha

In aka miƙo maka shi a kofi za ka rantse ruwan sha ne kawai, garau yake, ɗan zaƙin ma sai ka natsu za ka ji shi can bayan harshe. Birch dai ita ce bishiyar nan mai farin ɓawo ta ƙasashen sanyi, irin su Rasha da Yukren da Finlan da Latbiya, kuma a shekara sau ɗaya tak take bayarwa, ƙarshen hunturu da ƙanƙara ta fara narkewa, wajen Maris zuwa Afrilu kafin ganye ya tsiro. Sati biyu zuwa huɗu an gama.

Tatsar ba wuya. Ka nemi bishiya lafiyayya mai kauri, faɗin gindinta ya kai santimita 25, nesa da titin mota da masana'antu. Ka huda rami ɗaya, zurfin santimita 3 zuwa 4, ka ɗan karkata shi yadda ruwan zai gangaro, ka cusa tiyo mai tsafta ya zarce cikin galan mai murfi. Za ka ga yana ɗiga ɗis, ɗis. Don Allah rami ɗaya ya isa, bishiyar ma da wannan ruwan za ta yi ganyenta. Da ka ga tohon ganye ya fara buɗewa ko ruwan ya yi duhu-duhu yana ɗaci, to ka zare tiyonka.

Ajiya kuwa sai firji nan take, shi ma kwanaki kaɗan yake yi ya fara tsami. In da yawa ne ka daskarar da shi.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Suga a cikinsa kusan kashi 1 cikin 100 ne, yawanci gulukos da furuktos, sai ɗan kalsiyam da magnisiyam da fotasiyam, ba wani abin a zo a gani ba. Amma sinadarin manganis akwai shi sosai, har ƙaramar kwalba ɗaya kan iya cika abin da jiki ke buƙata a yini. Jiki na son manganis wajen gina ƙashi da sarrafa abinci, sai dai ɗan kaɗan yake nema, miligiram 2.3 ga namiji, 1.8 ga mace, kuma a Amurka iyakar da aka sa wa babba ita ce miligiram 11 a rana, har da wanda ke cikin sauran abincinsa. Yawan manganis a ruwan ya danganta da irin ƙasar da bishiyar ta tsiro a kai, shi ya sa galan biyu ba lallai su zo daidai ba, kuma ba za ka gane da ɗanɗano ba.

To ka sha kofi ɗaya ko biyu a rana ka tsaya, kar ka mayar da shi ruwan kashe ƙishi kana ɗirkar lita-lita kullum don yana shiga da daɗi. Manganis in ya taru ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ya kawo rawar hannu da taurin jiki. Hanta ce ke fitar da rarar ta cikin maɗaciya, don haka mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna, yara ƙanana a rage musu sosai, haka wanda garin furen birch ke tayar wa da atishawa ya fara da kurɓi ɗaya ya saurari jikinsa. In na kwalba ka saya, juya bayanta ka duba ko sun ƙara suga.