Yadda Ake Kai Wasan Daɓe Cikin Unguwa

Mutumin unguwar Bolari ko Jekadafari a Gombe ba lallai ya biya kuɗin mota ya je zauren taro kallon wasa ba, don haka wasan ne zai same shi a ƙofar gida. A fara da gaida mai unguwa da limami, a gaya musu jigon wasan kafin sanarwa. Wanda ya tsallake wannan, ana iya tashinsa ana tsakiyar wasa.

A fara bayan la'asar, a gama kafin kiran magariba. Minti 30 zuwa 40 ya isa. 'Yan wasa su ba katanga baya, domin tana dawo da murya. A shata rabin da'ira da toka, yara a tabarma gaba, dattawa a benci, mata a ɓangarensu.

Sauti ne ke yawan ɓata aiki. A kai janareta bayan gini da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa za ta haɗiye magana. Lasifika kuma ta kasance gaba da masu riƙe makirufo. In tana bayansu, sai ta dinga kuwwa.

A haɗa wasan da waƙa. Ofera, wadda ta samo asali a Italiya, labari ne da ake rerawa, kuma wanda ya san tashe bai baƙunci wannan ba. A sa amshi gajere, layi biyu, wanda yara za su kama tun karo na biyu. Mai kalangu ya sassauta hannu in ana magana. Jigo ya zama abin da ke damun unguwar, kamar layin ruwa ko tsadar taki, a kuma ɗan sirka da Fulatanci inda masu jinsa suke da yawa.