Yadda za a gina ƙaramar matatar ruwan datti da ba za ta gagari jama'a riƙewa ba

Na taɓa tsayawa a bakin wata ƙaramar matata da aka gina wa wani rukunin gidaje, fentin jikinta ko koɗewa bai yi ba amma injin da ke hura iska cikin ruwan ya mutu, kayan gyaransa sai an yi oda daga waje, kuɗin wuta kuma kowa ya noƙe, ruwan bahaya na shiga baƙi wuluk yana fita baƙi wuluk. Abin ya ci min rai wallahi. Tun ranar duk wanda ya tambaye ni yadda za a yi ta da araha, ce masa nake fara lissafa abin da za ta riƙa ci duk wata kafin ka tambayi kuɗin siminti.

Toh da farko ku nemi gangare. A sa matatar a wuri mafi kwari yadda ruwa zai gangaro da ƙafarsa, duk famfon da kuka cire daga zanen kun huta da wuta da dizal da makaniki.

Sai fayif, wanda sau da yawa shi ke lashe kuɗin fiye da matatar kanta. A Brazil cikin shekarun 1980 injiniya José Carlos Melo ya nuna ba dole sai manyan bututu a tsakiyar titi ba, ƙaramin fayif mai milimita 100 ya isa, a bi da shi ta bayan gidaje ko gefen hanya inda mota ba ta takawa, ba sai an yi zurfi ba, gangaren kamar mita 1 a duk mita 200. A unguwar Orangi ta Karachi kuma, aikin da Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980, mutanen layi ne suka haɗa kuɗi suka yi haƙa da hannunsu, ƙwararru nasu awo da zane kawai.

Ita matatar, ku ɗauke ta kamar sokawe ne da aka yi wa ɗakuna a jere a ƙarƙashin ƙasa. Ɗakin farko babba ne, nan dagwalo mai nauyi ke kwantawa maiƙo ya taso sama. Bayansa ƙananan ɗakuna huɗu zuwa shida, a kowanne fayif ya kai ruwan har ƙasa sannan ya taso a hankali ta cikin lakar da ke kwance, a cikin lakar nan fa bakteriyar da ba ta buƙatar iska take, ita ke cinye dattin kyauta ba wuta ba inji, kuma zafi na ƙara mata kuzari, shi ya sa tsarin ya dace da ƙasashe masu zafi. Ƙungiyar BORDA ta Jamus ta yaɗa irinsa sosai a Indiya da Indonesiya. Birkila mai hankali zai gina shi da bulo, amma ku tsaya a kansa wajen filasta, a cika da ruwa a bar shi ya kwana a ga ko yana yoyo kafin a rufe. Kowane ɗaki da murfinsa, a kuma sa dogon fayif na fitar da iska. Ranar farawa a zuba laka daga tsohuwar sokawe a matsayin iri, kar ku ce ya lalace don kun ga ruwan bai washe ba a satin farko, yana ɗaukar watanni kafin ya kankama.

Ruwan da ya fito har yanzu da saura, sai a bi da shi ta fadamar tsakuwa: rami mai faɗi zurfin kamar santimita 60, a shimfiɗa leda mai kauri ko yumɓu, a cika da tsakuwa a shuka kacala ko makamanciyarta. Don Allah a wanke tsakuwar nan, mutane na raina wannan, ƙurar jikinta ce ke toshe wurin. Ruwan ya riƙa bi ta ƙarƙashin tsakuwa, in ya fito fili kun yi wa sauro gida. Abin da ya fita daga nan a ba bishiyoyi, ba na sha ba ne, kuma a nisanta shi da ganyen da ake ci ɗanye.

In kuɗi bai kai ba a yi kashi-kashi, tanki bana fadama baɗi, a dai bar fili tun yanzu.

Kafin a sa bulo na farko a zauna da masu gidajen a yanka abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata, a ɗauki mutum ɗaya da za a riƙa biya ya share ragar da ke tare shara a bakin shigar matatar, don leda da tsumma da ƙunzugun yara ba sa ƙarewa. Sauran kuɗin a tara na kwasar laka, duk shekara 1 zuwa 3 gwargwadon cikarta, ana zura sanda a auna. In masu kwasa sun zo kar su tsotse tas, a bar kaɗan a ƙasa saboda bakteriyar. Kuma ko me ya faɗa ciki kar kowa ya shiga ramin, iskar da ke ciki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu, har wanda ya bi shi ceto ma.